Horar da Ma'aikatan Kashe Gobara da Masu Aikin Ceto a Yankin Madatsar Ruwa ta Goronyo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba irin horon da ya kamata a bai wa ma'aikatan kashe gobara, watau 'yan kwana-kwana, da sauran masu aikin ceto a ƙasashen Goronyo da Wurno da Rabah, a gabashin Jihar Sakkwato. Za mu fara da bayanin madatsar ruwa ta Goronyo da haɗurran da suka auku a yankinta, sa'an nan mu dubi hukumomin da ke da alhakin ceto, kana mu fayyace abubuwan da ya kamata a koyar da kuma waɗanda za a koya wa. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, babban haɗarin wannan yanki daga ruwa yake, kuma mai fara isa wurin haɗari kullum mutumin ƙauye ne. Saboda haka horon da zai yi amfani shi ne wanda ya haɗa ma'aikacin gwamnati da masunci da ɗan fito a ƙarƙashin tsari guda.

2.0 Madatsar da Yankinta

An gina madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima, kimanin kilomita 90 daga birnin Sakkwato. An kammala ta a 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992, kuma tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ganuwarta ta ƙasa ce da yashi, tsayinta mita 21, tsawonta kilomita 12.5, tana kuma iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon cikin akwati, watau kubik. Ruwan da take tarawa yana gangarowa ne daga gulaben Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, ta haka ruwan saman da aka yi a Zamfara da Katsina da kudancin Nijar yakan ƙare a bayan wannan ganuwa. Amfaninta shi ne noman rani, da samar da ruwan sha ga Sakkwato da garuruwan da ke ƙasa da ita, da kuma rage ƙarfin ambaliya.

A ƙasa da madatsar akwai fadama mai faɗi wadda ta ratsa Goronyo da Wurno, ta sauka zuwa Sakkwato da Argungu. A nan ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma ƙauyuka da dama suna zaune ne a bakin ruwa ko a kan tuddan da ruwa kan kewaye da damina. Rabah kuwa tana gefen Gulbin Sakkwato, wanda madatsar Bakolori ta tare a can sama, shi ya sa ita ma take cikin wannan lissafi.

3.0 Abin da Haɗurran Baya Suka Nuna

A ƙarshen watan Agusta na 2010 ruwan sama ya cika madatsar har ya kai matsayin haɗari. Ranar 1 ga Satumba aka buɗe ƙofofinta domin a rage mata nauyi, ruwa ya mamaye ƙauyen Kagara. Ranar 8 ga wata mafitar rarar ruwan ta karye gaba ɗaya, ambaliya ta bazu cikin fadama, ta ci gonaki da gidaje, ta raba fiye da mutum 100,000 da muhallinsu, har ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nan ya kamata mu lura da abu guda: tsakanin buɗe ƙofofi da karyewar mafitar akwai mako guda cur. Mako guda ya isa a kwashe ƙauyuka masu yawa zuwa tudu, in dai akwai mutanen da aka riga aka koya wa yadda ake yin haka.

Haɗari na biyu shi ne na fito. Ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Kafin wannan, a watan Afrilu na 2022, mutum 29, galibinsu yara da matasa, sun rasu a irin wannan haɗari a ƙaramar hukumar Shagari. A irin waɗannan lokuta, masunta da gwanayen nutso na ƙauyukan kusa su ne kan fara faɗawa ruwa, kuma ko bayan isowar hukuma da su ake ci gaba da neman waɗanda suka ɓace.

Dalilin haka a fili yake. Ƙwaƙwalwar mutumin da numfashinsa ya tsaya takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Motar da ta taso daga Sakkwato kuwa sai ta yi fiye da sa'a guda kafin ta kai bakin madatsar, in ma ruwa bai yanke hanya ba. Daɗin daɗawa, matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashin jihar a 'yan shekarun nan ta ƙara wa tafiya wuya, musamman da dare. Wanda ke bakin gulbi a minti biyar na farko shi ne mai ceton rai. Wanda ya zo daga baya yawanci gawa yake tsamowa.

4.0 Hukumomin da Ke da Alhaki

Dokar aikin kashe gobara ta 1963 ita ce tushen Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke da makarantar horar da ma'aikata a Sheda, kusa da Abuja. Kowace jiha kuma tana da nata 'yan kwana-kwana. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, a 1999, ta gaji hukumar agaji ta 1976 wadda aikinta ya tsaya ga rabon kayan tallafi. Tsarin da ake bi ya tanadi hukumar agaji a kowace jiha da kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Har ila yau akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, da hukumar NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, da ƙungiyar agaji ta Red Cross.

Ashe ke nan hukumomi ba su yi ƙaranci ba. Abin lura shi ne, asalin horon ɗan kwana-kwana na birni ne: sarrafa mesa da famfo da tsani, da sanin nau'o'in wuta, da shiga gini mai hayaƙi. Wannan ilmi wajibi ne, gobarar babbar kasuwar Sakkwato ta watan Janairu 2021 ta isa shaida. To, amma ruwa mai gudu yana da nasa ilmi daban, kuma wanda ya shige shi da jarunta kawai yakan ƙara yawan waɗanda za a ceto.

5.0 Abubuwan da Ya Kamata a Koyar

5.1 Sanin halin ruwa. Mita guda ta kubik na ruwa nauyin tan guda gare ta. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa yakan ninka sau huɗu. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin santimita 60 kuwa yana iya tafiya da mota. Tilas mai ceto ya san wuraren da ruwa ke juyawa a ƙasan ƙofofin madatsa da gindin gada da bakin kwalbati, da haɗarin itatuwa da shingayen da ruwa ya rufe. Wajibi ne kuma ya san ba a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu a tura shi cikin ruwa mai gudu, domin igiyar kan danne shi ƙasa.

5.2 Matakan ceto. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka yarda da ita ita ce a fara da abin da ya fi sauƙin haɗari. Da farko a yi wa mutum magana a kwantar masa da hankali. Sa'an nan a miƙa masa doguwar sanda. In bai kai ba a jefa masa igiya ko abin da ke yawo a kan ruwa, alal misali goran masunta ko jarka marar komai a ciki. In ya faskara a bi shi da kwalekwale. Shiga ruwa da jiki shi ne mataki na ƙarshe, kuma sai gwani mai sanye da rigar hana nutsewa.

5.3 Taimakon farko. An saba a ƙauyukanmu in an tsamo mutum a kife shi ana danna masa ciki domin ruwa ya fita. Wannan yana ɓata lokaci, yana kuma iya tura amai cikin huhu. Abin da ake koyarwa shi ne a kwantar da shi rigingine, a buɗe masa hanyar numfashi, a fara hura masa iska a baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 ana hura iska sau 2, har numfashi ya dawo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Ba a koyon wannan da karatu kawai, sai an gwada da hannu a kan mutum-mutumin da aka yi domin haka. Ya kamata a koya wa mata ma, domin su ne ke gida da yara, kuma mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta.

5.4 Gargaɗi da kwashe jama'a. Dole a san wa zai sanar da wa in za a buɗe ƙofofi: daga injiniyan madatsa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa uban ƙasa da hakimi da mai unguwa, har ya kai ga mai shela da lasifikar masallaci. Kowane ƙauye ya san tudun da zai nufa da hanyar da zai bi, da gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya da masu jego. A yi tanadin inda za a kai dabbobi, gama sau da yawa manomi kan ƙi tashi ne saboda bisashensa da rumbunsa.

5.5 Lura da ganuwa. Ganuwar ƙasa takan nuna alama kafin ta karye: tsagewa, ko zaftarewa, ko tsattsafowar ruwa a bayanta. In ruwan da ke tsattsafowa ya zama mai laka, to, yana cin cikin ganuwar ke nan, sai a kai rahoto nan take. Manoma da makiyayan da ke zirga-zirga a gefen kilomita 12.5 ɗin nan idanu ne da za a iya horarwa.

5.6 Bayan ambaliya. Rijiyoyi kan gurɓace, cutar amai da gudawa ta biyo baya, kamar yadda ta yi ɓarna a Arewa a 2010. Saboda haka a koyar da tsabtace ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari.

6.0 Waɗanda Za a Horar

Muna ganin a kasa horon kashi uku. Kashi na farko ƙaramar runduna ce ta 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agaji, waɗanda za su ƙware a ceton ruwa da tuƙin jirgi mai inji da jagorancin aiki a wurin haɗari, su zauna kusa da madatsar daga Yuli zuwa Oktoba. Kashi na biyu su ne masunta da 'yan fito a ƙarƙashin Sarkin Ruwa na kowane gari. Waɗannan sun gaji iyo da nutso kaka da kakanni, sun san kowane gurbi na gulbi. Wanda ya taɓa ganin wasan kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya san iyakar gwanintarsu. Abin da za a ƙara musu shi ne taimakon farko, da ƙa'idar lodin jirgi, da amfani da rigar hana nutsewa. Su kuma za su koya wa kashi na farko halin gulbin, gama da ɗan gari kan ci gari. Kashi na uku shi ne sauran jama'a, ta hanyar malaman makaranta da limamai da shugabannin mata.

Wannan tsari yana da misali a duniya. Bayan guguwar 1970 da ta hallaka aƙalla mutum 300,000 a yankin da ya zama Bangaladash, an kafa shirin 'yan sa-kai na ƙauyuka a 1972, masu kai gargaɗi gida-gida da lasifika, suna kai mutane mafaka. Guguwa ba ta daina zuwa ba, amma yawan masu mutuwa ya ragu ƙwarai da gaske.

Ta fuskar koyarwa, tilas darasi ya kasance da Hausa, a aikace, a bakin ruwa, kuma a auna ɗalibi da abin da hannunsa ya iya. A nan kwalejojin ilmi suna da rawar da za su taka wajen tsara manhaja da rubuta littattafai masu zane, har da na ajami, da cusa darasin kiyaye haɗarin ruwa cikin horon malaman firamare. Kuma tun da ilmin da ba a maimaitawa yakan dushe, lalle ne a riƙa yin atisaye na haɗin gwiwa kowace shekara a watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun nuna cewa ambaliyar 2010 ta ba da ratar mako guda, haɗarin fito kuwa minti kaɗan yake bayarwa, kuma a duka biyun abin da ke raba rai da ajali shi ne ilmin mutanen da ke wurin. Shawararmu ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah da hukumar madatsar ita ce su yi rajistar masunta da 'yan fito, su ware kuɗin horo a kasafin kowace shekara, su ajiye igiyoyi da rigunan hana nutsewa a kowane mafito, su kuma rubuta jerin masu sanar da juna a manna a fadar kowane hakimi. Muna fata masana harshe da ke wannan taro za su taimaka wajen daidaita kalmomin wannan fanni, domin mai ba da umurni da mai karɓa su fahimci juna a lokacin da babu damar maimaita magana. Allah Ya kiyashe mu, Ya sa mu dace.