Tsohuwar Rigar Maigida: Wadda Za A Yanka Da Wadda Za A Bari

Bazara takan iso mana Bagega tun watan Maris, daga nan kuwa zafi ba ya sassautawa sai ruwa ya sauka. A lokacin ne mu malaman makaranta muke ganin yara da ƙurajen zafi a wuya da baya, musamman waɗanda aka sa wa rigar roba ta gwanjo. Sau da yawa maganin yana nan cikin akwatin maigida.

A Ingila da Amurka, matan da suka iya ɗinki sukan yanka tsohuwar shat ta mazansu su mai da ita rigar shan iska a bakin teku. Mu ba mu da teku, amma dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Rigar auduga da ta sha wanki ta yi laushi, tana shan gumi, ba ta cin jikin yaro.

Uwargida, ki duba da kyau. Wuya da bakin hannu su ne suke fara mutuwa, baya kuwa yakan daɗe da ƙarfinsa. Ki cire hannuwan nan biyu da almakashi, ki tsaga su kaɗan daga sama, ki haɗa, sun zama ƙafafun wando na ɗan shekara biyu. Sai ki naɗe ƙugu ki zura zariya. Jikin rigar kuma ya isa shimi ta yarinya, ga kalmasar ƙasa an riga an yi miki ita. Maɓallin da ya saki ki cire shi, gama jariri ba ya raina abin sawa a baki. Ba sai da keke ba, allura da zare sun isa.

To, amma a nan garin akwai tambayar da za a yi kafin almakashi ya taɓa riga: a ina ta yi aiki?

Ba mu manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙasar Anka da Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba, a ƙauyuka kamar Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen da ake niƙawa domin zinariya yana da dalma da yawa, ƙurarsa kuwa ta shiga gidaje. Bagega sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta aka zuba sabuwa. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙurar take komawa gida ita ce tufafin masu aikin, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka yi ta cewa mai haƙa da mai niƙa su yi wanka, su sāke kaya kafin su shiga gida.

Saboda haka rigar da ta je ramin zinariya ko wurin injin niƙa ba ta yaro ba ce, kome kyanta. Kada ta zama wando, kada ta zama zanen goyo, ko matacin koko, ko tsumman share baki. Kada ma a wanke ta tare da kayan yara. Ƙurar dalma ba ta da wata alama a yadi, tana maƙale a ɗinki da cikin aljihu, yaro kuwa yana tsotsar wuyan rigarsa. Gubar tana taɓa ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓata kuma ba ya komawa daidai. Mu da muke gaban allo mun san yadda yaron da ta taɓa yake fama da karatu.

Mun sani rigar aiki ita ce ta fi saurin tsufa, ita ce kuma mace za ta fara miƙa wa hannu. A bar ta can wurin aiki. A ɗauki ta zuwa kasuwa ko ta biki. In kuma yara sun sa sabon wandonsu za su wanka, kada ya zama a kududdufin da ake wanke dutse.