Abin da kyamara ke ɓoyewa a ranar guguwar ƙanƙara

Da zarar hunturu ya kankama a Amurka da Kanada, sai wayoyinmu su cika da hotuna daga 'yan uwa masu karatu ko neman abinci a Bronx da Toronto: motoci a binne, layin unguwa fari fat, babu kowa sai mai ɗaukar hoton. Daga nan gardama ta tashi a WhatsApp. Wasu su rantse cewa hoton da ya yi fari tas aikin kwamfuta ne, na gaskiya shi ne wanda ya fito toka-toka. Maganar kuwa a juye take, kuma ta daɗe tana damuna.

Kyamara ba ta san dusar ƙanƙara ba. An ƙera ma'aunin haskenta ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta, idan aka haɗa duhunsa da haskensa, zai tashi ruwan toka. Sabuwar ƙanƙara kuwa tana iya mayar da kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, ko fiye. Da kyamara ta ga wannan farin sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi da kanta, ƙanƙara ta fito kamar an yayyafa mata toka. Shi ya sa masu sana'ar ke ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu kafin su danna. Wanda ya yi haka bai ƙawata komai ba, ya mayar wa hoton abin da idonsa ya gani ne. Haka shuɗin da ake gani a inuwar gine-gine: hasken sararin sama ne ƙanƙara ke maidowa inda rana ba ta kai ba. Wayoyin zamani suna ƙoƙarin gyara wannan da kansu, wani lokaci su dace, wani lokaci su kwafsa.

Aikin ɗaukar hoto cikin ƙanƙara ya daɗe. A watan Fabrairun 1893 mai ɗaukar hoto Alfred Stieglitz ya tsaya a titin Fifth Avenue na birnin New York cikin guguwa, a cewarsa har awa uku, yana jiran keken doki ya iso inda yake so. Hoton da ya samu har yau ana koyar da ɗalibai da shi.

Sanyi ma yana da nasa sharrin ga kayan aiki. Batirin da ke cike yakan mutu farat ɗaya, domin sinadaran cikinsa sun yi sanyin aiki. Idan aka sa shi a aljihun ciki ya ji ɗumin jiki, yakan farfaɗo. Babbar ɓarna kuma sai an dawo gida take aukuwa. Kowa ya san yadda kwalbar lemo ke zufa idan an fito da ita daga firji. To, haka kyamarar da ta sha sanyi ke yi idan aka shige da ita ɗaki mai ɗumi, sai dai ita zufar har cikin madubinta take taruwa. Maganin abin shi ne a ƙulle ta a leda tun a waje, a bar ta ta huce sannu a hankali.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda babu kyamarar da ke iya nunawa. Hoto ba ya ɗaukar iska. A ƙa'idar hukumar yanayi ta Amurka, sai iska ta kai kimanin kilomita 56 a awa, an kasa hangen mita 400, kuma an shafe awa uku a haka, sannan a kira abin guguwar ƙanƙara. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin rabin awa. Yatsun da aka cire wa safa don danna waya su ne na farko.

A watan Disambar 2022 guguwa ta rufe birnin Buffalo na Amurka da ƙanƙarar da ta haura mita ɗaya. Fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, da dama daga cikinsu a waje aka tsinci gawarsu, wasu a cikin motocinsu. An soki hukumomi kan jinkirin hana tuƙi, kuma sukar tana da hujja. Sai dai hana mota bai isa gargaɗi ga mai tafiya a ƙafa ba, wanda ke ganin shago kusa ne, ko yake son hoto ɗaya tak ya aika gida.

Mu da ke karɓar hotunan muna da namu alhakin. Yabonmu ne ke tura yaro sabon zuwa, wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba, ya fita da silifas da 'yar rigar sanyi. Mu riƙa gaya masa ya jira iska ta lafa, ya rufe kunne da yatsu, ya tsaya a layukan da ya sani, kuma ya sanar da wani inda ya nufa da lokacin da zai dawo.