Daga Gadarif zuwa Kasala: Nisa da Lokacin Tafiya

Gadarif da Kasala garuruwa ne biyu a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha da Eritiriya. Dukansu suna da ƙananan filayen jirgin sama, dukansu kuma akwai Hausawa da yawa a cikinsu. Kakannin waɗannan Hausawa sun taso ne daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa sun ya da zango a Gadarif, suka kama noman dawa da riɗi, ba su sake gaba ba.

Idan ka tambayi Bahaushe nisan wani gari, da wuya ya ba ka amsa da kilomita. Sai ya ce "tafiyar yini guda ce" ko "kwana uku ne a ƙasa". Wato da lokaci yake auna nisa. Matuƙin jirgi kuwa da nisa yake farawa, sannan ya fitar da lokaci.

Ga yadda lissafin yake. Tsakanin filayen biyu, idan an miƙe sak ta sama, kamar kilomita 180 ne. Ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, irin Cessna Caravan, yana gudun kilomita 300 a awa ko kusa da haka. A raba 180 da 300, za a sami minti 36. Amma wannan lissafin takarda ne kawai. Jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma dole ya rage gudu kafin ya sauka. Iska ma tana da nata: idan tana bugowa ta gaba sai ta ƙara lokaci, idan ta baya ce sai ta rage. Saboda haka gara mutum ya sa ran kusan awa guda.

A mota kuwa hanyar ta haura kilomita 200, domin tana bi ta Shuwak da Khashm al-Girba, inda ake ƙetare kogin Atbara. Awa uku ke nan ko fiye. A ganina, mai lafiya ba shi da wata riba a jirgi a nan, don zuwa fili da jiran awon kaya za su cinye abin da ya rage. Majinyaci da ma'aikatan agaji su ne ke da bukatarsa, musamman da damina, lokacin da baƙar lakar Gadarif take riƙe mota da zarar ta sauka daga kwalta.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya sa an rufe filin jirgin Khartum, zirga-zirga ta koma Port Sudan. A watan Mayu 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari filin jirgin Kasala kansa.