Hukuncin Ɗora Wa Motar Haɗi Lamba Da Takardun Wata Tsohuwar Mota

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tambaya ta zo mana daga wasu 'yan uwa mazauna Sudan, yankin Jazira da gaɓar kogin Nilu Shuɗi, inda Hausawa suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno kusa da Sinnar tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Suna cewa: mutum ne yake da takardun wata tsohuwar mota da ta mutu, sai ya haɗa wata da kayan da ya tsinto nan da can, ya buga mata lambar shasin waccan, ya ci gaba da aiki da takardunta. Ya halatta?

Sai mun raba abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Haɗa mota sana'a ce ta halal, kuma mutanen Sudan sun yi fice a kanta. Duk wanda ya bi hanyar Wad Madani zuwa Sinnar da Damazin ya ga babbar motar nan Bedford ƙirar Ingila, wadda suke kira Sifinja. An daɗe da daina ƙera ta, amma kanikawa da masu walda suna kwance ta ƙusa-ƙusa, su ƙarfafa ƙashinta, su sake mata inji da bodi, ta koma tana jigilar dawa da riɗi. Wannan gyara ne. Muddin shasin, wato ƙashin da motar take zaune a kansa, nata ne na asali, kuma an sanar da hukumar rajista canjin da aka yi, babu laifi.

Inda matsalar take shi ne lambar. Lambar shasi da takardar mota shaida ce: suna cewa wannan ƙarfen shi ne wanda aka ƙera shekara kaza, ya shigo ta kwastan, mallakar wane ne. Wanda ya yanke lambar daga mushen wata mota ya liƙa wa wata, ya sa takarda ta faɗi abin da bai faru ba, sannan ya je gaban jami'i ya sa hannu a kai. Wannan zur ne, kuma Allah Ya haɗa hani ga maganar zur da hani ga bautar gumaka a aya ta 30 cikin Suratul Hajji. Ga kuma saɓa wa dokar da shugabanni suka kafa don maslahar jama'a, domin da wannan lambar ake gano motar sata, da ita ake sanin wanda za a nema idan an kaɗe mutum ana maganar diyya. Ko a Ingila, inda Bedford ta fito, motar da ba a tabbatar da asalinta ko shekarunta ba ana ba ta lamba ta daban mai farawa da harafin Q, don mai saye ya sani.

Idan kuma aka zo sayarwa, laifi ya zama biyu, don algus ya shigo. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya kuma nisanta mai algus daga gare shi. Amma misalin da ya fi kama da namu shi ne na dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka yaudara zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino, malamanmu na Malikiyya suka ce daga abincin da ya rinjaya a garin, wanda a can dawa ce. To takardar aro ita ce cikakkiyar hantsar motar. Ita ta ɗaga kuɗin, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Dillalin da ya sani ya yi shiru, ladan da ya karɓa ba shi da tsarki.

Wani zai ce ai kayan duk da kuɗina na saya. A da, wannan magana tana da ɗan nauyi, lokacin da damuwar ba ta wuce motocin da ake shigowa da su daga Libiya babu kwastan ba, waɗanda ake wa laƙabi da Boko. Yanzu lamarin ya fi haka muni. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar, an wawashe motocin bayin Allah masu yawa, an kwance wasu an watsa kayansu kasuwa. Injin da ka samu da rabin kuɗi babu mai iya gaya maka inda ya fito, kai ma ka san ba daga kamfani yake ba. Wanda ya saya alhali ya sani ko yana da rinjayen zato, ya yi tarayya cikin zunubin. Hukuncin da littattafanmu suka kawo a babin istihƙaƙi kuwa shi ne: idan mai kaya ya zo da hujja, zai karɓi abinsa ba tare da ya biya ko sisi ba, mai saye ya koma kan wanda ya sayar masa.

Wanda ya riga ya sayi irin wannan mota cikin rashin sani ba shi da zunubin abin da ya wuce. Amma daga ranar da ya gane, bai halatta ya tura wa wani ita a rufe ba. Ya nemi wanda ya sayar masa tare da shaidu, ya kai maganar ofishin 'yan sandan kula da motoci a duba lambobin. Wanda kuma yake da takardun mataccen Bedford a akwati, yana iya sayar da ƙarafanta a matsayin kayan gyara, takardar kuwa ya mayar wa hukuma a soke ta.

Wallahu a'alam.