Ƙurajen Leɓe Bayan Zazzaɓi: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Duk wanda ya tashi daga zazzaɓi, 'yan ƙuraje masu ruwa suka feso masa a bakin leɓe, ba ya rasa mai ce masa, "Barka, ai ciwon ne ya fita." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin zazzaɓi kan tayar da su. Amma ba zazzaɓin ne ke fita ba. Wata ƙwayar cuta ce daban, bairos ɗin da likitoci ke kira herpes simplex nau'i na 1. Galibi tun ƙuruciya take shiga jiki, ta laɓe a jijiyar fuska ta yi lamo. Da zarar maleriya ko mura ko gajiya ko zafin rana ko jinin al'ada sun taɓa mutum, sai ta farka ta biyo jijiyar ta ɓullo a leɓe. Don haka wanda ya ajiye maganin maleriya bai shanye ba saboda ya ga ƙuraje, kansa ya cuta.

Masu cewa ciwon 'yan yawon banza ne, ko alamar ƙanjamau, su ma sun yi kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ƙwayar, kusan kashi 64 cikin ɗari ke nan, kuma yawancinsu ba su ma sani ba. Yaro na iya ɗauka daga sumbar uwa ko gwaggo. Abin da yake gaskiya shi ne, a jikin mai raunin garkuwa, kamar mai ƙanjamau ko mai shan maganin ciwon daji, ƙurajen kan yi girma su daɗe. Irin wannan ya ga likita tun farko.

Sai batun magani, inda kowa malami ne. Wani ya ce man goge baki, wani gishiri da lemon tsami, wani ya fasa kafso ya barbaɗa. Raɗaɗi kawai ake ƙara wa kai. Kafson nan na kashe bakteriya ne, ba ruwansa da bairos. Mayukan da ke da sitiroyid, irin na bilicin, suna iya ƙara ta'azzara abin. Man aciclovir yana ɗan rage kwanakin ciwon idan an fara shafawa tun ana jin ƙaiƙayi, amma babu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki. Yawanci cikin kwana 10 ƙurajen kan bushe da kansu. Idan sun wuce haka, ko suna yawan dawowa, ko dasashin yaro ya kumbura har ya ƙi ci da sha, a nufi asibiti.

Wuri biyu ne ba a jira ko kwana ɗaya. Na farko ido: in ƙuraje sun matso kusa da shi, ko ya yi ja yana zugi yana gudun haske, ana iya rasa gani, kuma ɗiga maganin ido na kemis mai sitiroyid ya fi rashin magani haɗari.

Na biyu jariri, kuma nan ne al'adarmu take bukatar lura. Daga ranar haihuwa zuwa suna, jinjiri yawo yake hannu zuwa hannu, 'yan barka suna sumbata, wani dattijo ya tauna dabino ya sa masa a baki. Ƙwayar da ta tsaya wa babba a leɓe tana iya kai wa jariri ɗan makonni har ƙwaƙwalwa da hanta, ta kashe shi. Mai ƙuraje yana yaɗa ta tun daga ƙaiƙayin farko har su warke sarai. Idan jariri ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, jikinsa ya saki, ko da ba a ga ƙurji ko ɗaya ba, a garzaya da shi asibiti. Ke kuma maijego, kada kunya ta hana ki cewa, "Baba, a bari bakin ya warke tukuna."