Tsarkiyar Raket ta Wasan Badminton

Badminton wasa ne da a ke yi da wani ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu guda 16, wanda nauyinsa bai wuce giram 5 da rabi ba. Hafsoshin Ingila da suka zauna a Indiya su suka yaɗa shi, sunansa kuwa daga wani babban gida na Ingila aka samo shi. A shekarar 1992 aka shigar da shi cikin gasar Olamfik. Abin da a ke bugun ƙwallon da shi sunansa raket. Yana da dogon mariƙi da baki mai kama da rariya, an saƙa masa tsarkiya tsaye da kwance. Duk jikin raket ba abin da a ke so ya taɓa ƙwallo sai tsarkiyar nan.

A da, da hanjin dabba a ke yin ta, amma yanzu yawanci da nailan ne. Raket guda ya kan ci wajen mita 10. Akwai mai kauri, akwai siririya, ko da ya ke duk ba su kai milimita guda ba. Mai kauri, kamar wadda kamfanin Yonex na Japan ya ke kira BG65, kaurinta milimita 0.70 ne, ta kan jure wahala ta daɗe. Siririya, mai 0.65 ko ƙasa da haka, ta fi cilla ƙwallo, ta fi daɗin ƙara, amma ba ta da tsawon rai. Ɗan makaranta wanda ba kullum ya ke da kuɗin saƙa ba, mai kaurin ita ce tasa.

Abin da ya fi ruɗa masu koyo shi ne ɗaurin tsarkiya. Da na'ura a ke jan ta, da laba kuma a ke auna ƙarfin jan. Wanda ya taɓa lura da mai kalangu ya san in ya matse tsarkiya murya ta kan yi sama, in ya saki ta yi ƙasa. To, haka raket ya ke. In an buga shi a tafin hannu aka ji amo siriri, ɗaurin ya yi tsauri ke nan.

Yaro ya kan ji an ce gwanayen duniya suna ɗaure nasu laba 28 ko 30, sai ya zaci tsauri shi ke kai ƙwallo nesa. Ashe ba haka ba ne. Tsarkiya mai sassauci, in ƙwallo ya faɗa mata, sai ta lotsa ta dawo ta cilla shi, watau ta taimaki hannu. Wurin da bugu ya ke yin kyau a tsakiyarta kuma ya kan yi faɗi, ko an ɗan kuskure ba laifi. Mai tsauri kuwa kusan kamar allo ta ke, ba ta lotsawa sai an buga da sauri ƙwarai, kuma a tsakiya daidai. Gwani yana son ta domin tana kai ƙwallo inda ya nufa, ƙarfin kuwa daga hannunsa ya ke fitowa. Mai koyo in ya ɗauke ta, ƙwallonsa ba ya zuwa ƙarshen fili, sai ya yi ta ƙoƙari da ƙarfin tsiya har gwiwar hannu ko kafaɗa ta kama ciwo. In kuma ya bugi ƙwallo kusa da baki, nan take tsarkiya ta kan tsinke.

Saboda haka mai koyo ya fara daga laba 18 zuwa 22. In hannunsa ya faɗa, ya riƙa ƙara laba ɗaya ɗaya. Mai wasa da ƙwallon roba ya rage laba biyu. Masu ƙera raket su kan rubuta iyakar jan da zai iya ɗauka a jikinsa. Wanda ya ƙetare ta, bakin raket yana iya tsagewa, raket kuwa ya fi tsarkiya tsada nesa ba kusa ba.

Tsarkiya ta kan saki a hankali ko ba a wasa da ita, zafin rana kuma ya kan ƙara sakin ta. In guda ta tsinke, kada a bar sauran. A sa almakashi a yanke su duka, a fara daga tsakiya, don kada su ja bakin raket gefe ɗaya ya karkace.