Bugun zuciya da motsa jiki: Hattara da zafin Agadas

Mutum kan je asibiti a yi masa gwajin zuciya na ECG, likita ya duba takardar ya ce bugun ya ɗan kauce wa daidai, amma bai kai ciwo ba. Daga nan wasu su daina ko tattaki don tsoro, wasu kuma su ninke takardar su koma filin ƙwallo ko fagen kokawa kamar ba a ce komai ba. Duka biyun kuskure ne.

Zuciyar baligi idan yana hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kuma daidaiton bugun ya dogara da gishirin jini irin su fotasiyom. A Agadas, inda zafi ke haura digiri 40 a Mayu da Yuni, yawan gumi yana kwashe ruwa da gishirin nan daga jiki, sai ƙaramar larura ta girma. Ga shayi mai kauri, ga lemun ƙara kuzari, ga taramol da wasu matasa ke haɗiya don jure wahala. Magunguna irin su kinin da azitromisin ma suna iya dagula bugun, don haka a nuna wa likita takardar kafin ya rubuta magani.

Idan likita ya amince, a fara da tafiya da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, da ruwa a hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato wanda kana yi kana iya magana. Mai azumi ya bari sai bayan shan ruwa. Mai zazzaɓi ko gudawa ya huta.

Jiri, suma, ciwon ƙirji ko fizgar zuciya lokacin motsa jiki alama ce ta a tsaya nan take a nufi babban asibitin jiha. Ƙarfin jiki ba kariya ba ne: ɗan ƙwallon ƙafa Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a birnin Liyon a 2003 yana ɗan shekara 28, bai tashi ba.

In a danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, ku faɗa wa likita, ku kuma kai sauran ƴan gida a auna su.